Kwana a daji da iyali: Yadda mai ƙaramar mota zai kai Yankari ya samu natsuwa

Duk lokacin da makarantu suka rufe a ƙarshen shekara, ko hutun Sallah ya haɗu da ƙarshen mako, akan samu magidanta a Kano, Kaduna, Jos da Abuja da ke marmarin fitar da iyalansu daga hayaniyar gari, su yi kwana biyu a inda ba a jin hon ɗin 'yan adaidaita sahu. Yaran da suka tashi a birni ba su san giwa da ɓauna ba sai a littafin makaranta da talabijin, iyayen kuma, musamman waɗanda suka yi ƙuruciya a ƙauye, suna son nuna musu yadda dare yake idan babu fitilun titi. Abu biyu ne ke kashe wannan buri tun ba a fara shiri ba: tsoron halin da tsaro yake ciki, da kuma tunanin cewa daji sai mai jif. Na farko damuwa ce ta gaskiya wadda tilas a ba ta haƙƙinta. Na biyu kuwa yawancinsa rashin sanin hanya ne, domin Corolla ko Sienna da mutum ke zuwa ofis ko kasuwa da ita tana iya kai iyali tsakiyar daji ta dawo da su lafiya, muddin an zaɓi wurin da ya dace da lokacin da ya dace.

Ba kowane daji ake kwana ba

A ƙasashe irin su Ostireliya da Namibiya, al'ada ce iyali su ɗora tanti a mota, su nausa daji, su yada zango a inda ba kowa, kuma gwargwadon nisansu da mutane gwargwadon jin daɗinsu. Wanda ya ga irin waɗannan hotuna a intanet ya ce zai kwaikwaya a Arewacin Najeriya a yau ya ɗauki kasadar da ba ta da dalili. Dajin Kamuku da ke Birnin Gwari gandun daji ne na ƙasa, amma shekaru ke nan sunansa ya fi fitowa a labaran 'yan bindiga fiye da na yawon buɗe ido. Haka dajin Rugu a Katsina. Ko Falgore da ke kan hanyar Kano zuwa Jos, wanda matafiya ke ratsawa kullum, ba wurin da mai iyali zai kauce daga titi ya kafa tanti ba ne.

Saboda haka ma'aunin wurin kwana a nan ya bambanta. Wuri ne da ke da ƙofar shiga da ma'aikata masu rubuta sunan wanda ya shiga da wanda ya fita, akwai masu gadin daji da ke sintiri, kuma kwalta ta kai har bakin masauki. Idan an samu waɗannan, sai a nemi natsuwar ta hanyar zaɓen rana da wata, maimakon a neme ta ta hanyar nisa da jama'a.

Wannan ma'auni yana fitar da wurare masu kyau da yawa daga lissafin mai ƙaramar mota. Gandun Gashaka Gumti da ya ratsa Taraba da Adamawa shi ne mafi girma a ƙasar nan, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma a cikinsa dutsen Chappal Waddi yake, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya. Sai dai da zarar an bar garin Serti an nufi cikin gandun, hanyar ta koma ta duwatsu da ƙoramu, wadda ko masu jif sukan yi shawara da damina kafin su bi. Wurin da ya fi cika sharuɗɗan nan uku ga mutanen Arewa shi ne Yankari a Jihar Bauchi.

Daga Dindima zuwa Wikki

An keɓe Yankari a matsayin gandun namun daji a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962. Gwamnatin Tarayya ta mayar da shi gandun ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun Gwamnatin Jihar Bauchi a 2006. Yana cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 2,244, kuma Kogin Gaji da ya ratsa tsakiyarsa shi ne rayuwar dabbobin da ke ciki.

Mai zuwa daga Kano yakan bi Wudil, Birnin Kudu da Ningi ya faɗa Bauchi, tafiyar kusan kilomita 300. Na Abuja da Kaduna sukan biyo ta Jos. Daga Bauchi ana ɗaukar hanyar Gombe har garin Dindima da ke bakin Kogin Gongola, a nan ake kauce wa babban titi a yi kudu. Kimanin kilomita 29 ne daga Dindima zuwa ƙauyen Mainamaji inda babbar ƙofar gandun take, daga ƙofar kuma akwai kusan kilomita 42 zuwa sansanin Wikki, inda ɗakunan kwana suke. A dunƙule, daga Bauchi zuwa masauki bai wuce kilomita 110 da 'yan kai ba, kuma kwalta ce, ko da yake akan tarar da ramuka nan da can. Wannan shi ne sirrin Yankari ga mai ƙaramar mota: zai kwana kilomita arba'in a cikin daji ba tare da ƙafar motarsa ta taka yashi ba.

Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne raina wannan tazara ta ƙarshe. Mutum ya baro Kano bayan Azahar, ya tsaya cin masa a Bauchi, sai ya isa ƙofa da Magariba, alhali akwai sauran tafiyar kusan awa guda a hanyar da dabbobi ke tsallakawa. Gara a taso da sassafe a shiga gandun kafin La'asar, ko kuma a kwana a Bauchi a ƙarasa da safe. A Bauchi ne kuma ya kamata a cika tanki, a sayi ruwan sha na roba da abincin yara, a ciri kuɗi a hannu, domin sabis ɗin waya yakan yi rauni a cikin daji kuma tura kuɗi ta waya na iya gagara a daidai lokacin da ake buƙata. Ana biyan kuɗin shiga a kan kowane mutum da kuma mota, farashin yana sauyawa, don haka a tambaya kafin a taso.

Batun tsaro ma a nan ake warware shi, tun ana gida. A 'yan shekarun nan an samu rahotannin hare-haren 'yan bindiga a wasu ƙauyukan Alkaleri, musamman yankunan Duguri da Gwana. Wannan bai hana baƙi zuwa Wikki ba, amma ya wajabta wa magidanci ya tuntuɓi hukumar gandun da kuma wani amintacce mazaunin Bauchi a cikin makon da zai yi tafiyar, ba labarin watan jiya ba. Idan amsar ta zo da inda-inda, a ɗage tafiyar. A kuma sanar da ɗan'uwa a gida ranar shiga da ranar fita.

Abin da ƙaramar mota ke iya yi

Yana da kyau a fahimci mene ne ainihin bambancin jif da ƙaramar mota, domin mutane da yawa suna zaton ƙarfin inji ne. A yawancin ƙananan motocin da ke kan titunanmu, ƙafafun gaba biyu ne kawai ke ja, na baya biyo su suke yi. A mota mai jan ƙafa huɗu irin Hilux ko Land Cruiser, inji yana raba ƙarfinsa ga dukkan tayoyin, ta yadda idan biyu sun nutse a yashi sauran biyun za su fitar da ita. A kan kwalta ko busasshiyar hanyar burji, wannan bambanci ba ya tasiri ko kaɗan.

Abin da ya fi cutar da ƙaramar mota shi ne kusancin cikinta da ƙasa. Tazarar da ke tsakanin ƙasa da cikin Corolla ko Camry ba ta cika wuce santimita 13 zuwa 16 ba, ta Hilux kuwa ta haura 20. Idan aka loda mutum shida, da kuloli, da buhun ruwa, da katifa, motar tana ƙara zama ƙasa. A ƙarƙashin injin akwai tukunyar baƙin mai, kuma dutse ɗaya a tsakiyar hanya ya isa ya fasa ta. Direban da bai lura ba ya ci gaba da tafiya, man ya tsiyaye, cikin 'yan mintuna inji ya buga, kuɗin gyaransa kuma ya ninka kuɗin hutun gaba ɗaya. Shi ya sa a hanyar da manyan motoci suka yi wa kwari biyu da tudu a tsakiya, ake ɗora tayoyi a kan tudun da gefen hanya maimakon a bi cikin kwarin. Idan aka ji cikin mota ya daki wani abu, a tsaya a leƙa ƙasa, kuma idan jar fitilar mai ta kama, a kashe inji nan take.

Yashi da ruwa su ne abokan gaba na biyu. Yashi marar zurfi ana wuce shi da giya ta biyu, ba gudu ba tsayawa. Idan mota ta kafe, taka totur da ƙarfi ƙara binne ta yake yi. Abin yi shi ne a sauke fasinjoji, a tone yashin gaban tayoyin gaba, a shimfiɗa tabarmar ƙasan mota ko rassan itace, a rage iskar taya kaɗan, sannan a ja a hankali. Wanda zai rage iska sai ya kasance da ƙaramin famfo mai aiki da batir don mayar da ita. Ruwa kuwa ba a gwada shi. Idan ya kai rabin taya, ƙaramar mota na iya zuƙarsa ta mashigar iska, kuma injin da ya sha ruwa sai an sauke shi. Akwai kuma haɗarin da ba a cika tunawa da shi ba a lokacin rani: salansa mai zafi idan aka ajiye mota a kan busasshiyar ciyawa tana iya tayar da gobara.

Duk wannan ilimi na ko-ta-kwana ne, domin a Yankari ba a buƙatar mutum ya shigar da motarsa hanyoyin kallon dabbobi. Gandun yana da motocinsa masu tsayi da ake haya, da jagora wanda ya san inda garke ke shan ruwa, ana fita da safe da kuma yamma. Magidanci ya ajiye motarsa a Wikki ya biya kuɗin wannan fita; ya fi masa arha a kan shokazoba biyu da salansa. Kafin barin gida dai a kai wa makanike ya duba birki, lagireto, fambel da batir, a tabbatar safaya tana da iska, kuma jak da sifanar taya suna cikin but. Tsakanin Mainamaji da Wikki babu mai faci.

Wata da rana

Damina a wannan yanki tana kamawa daga Mayu zuwa Satumba. Dajin yakan yi kore shar, amma ciyawa ta fi mutum tsawo, dabbobi sun watsu saboda ko'ina akwai ruwa, hanyoyin ciki kuma sun yi taɓo. Wanda ya je a Agusta zai iya yin kwana biyu bai ga komai ba sai birai. Daga Nuwamba ne ƙasa ke bushewa, kuma tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da tafkuna suka ƙafe, dabbobi kan taru a kwarin Gaji, a nan ne damar ganin giwa, ɓauna, gwanki, gwambaza da dorina ta fi yawa. Sai dai Maris da Afrilu su ne tsananin zafi, har yakan haura digiri 40, abin da ke wahalar da jarirai da tsofaffi. Ga mai ƙananan yara, ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu ya fi daidaito: hunturu ya fara sassautawa, zafi bai kankama ba. Wanda zai je a Disamba ko farkon Janairu ya ɗauki bargo da rigunan sanyi, domin dare a daji ya fi na gari sanyi sosai.

Game da giwaye, garken Yankari yana cikin mafiya girma da suka rage a Najeriya, amma ba a yi wa yara alkawarin ganinsu. Gandu ne mai faɗi ba gidan zu ba, kuma akwai waɗanda suka fita sau uku suka ga kashi da sawu kawai. Zakuna ma akwai ragowarsu, sai dai ganinsu sa'a ce babba.

Natsuwa kuwa tana ga ranar da aka zaɓa. A Kirsimeti, Sabuwar Shekara, Ista da ranakun Sallah, Wikki yakan cika da motoci da kiɗa da ɗalibai masu rangadi, ɗakuna su ƙare, har mutum ya rasa bambancin wurin da wurin shaƙatawa na cikin gari. Asabar da Lahadi ma sukan ɗauki jama'a. Daga Litinin zuwa Alhamis, a makon da ba na biki ba, sansanin yakan zama kusan na mutum shi kaɗai. Ma'aikacin gwamnati da ke da hutun shekara zai fi cin riba idan ya yanki kwana uku a tsakiyar mako, ɗan kasuwa kuma ya bar wa yaron shago amana daga Talata zuwa Alhamis, ranakun da ciniki ya fi sauƙi a kasuwanni da yawa.

Zama a Wikki

Sansanin yana da ɗakunan kwana sama da ɗari masu daraja daban-daban, da wurin cin abinci da ƙaramin gidan tarihi inda aka ajiye fatu, hauren giwa da tarkunan da aka ƙwace daga mafarauta. A nemi ɗaki tun kafin a taso, kuma idan an isa a duba ruwa da fanka da ragar taga kafin a sauke kaya. A roƙi ɗakin da ke nesa da wurin cin abinci da injin wuta, domin nan ne dare ke yin tsit. Wanda ke sha'awar kwana a tanti ya nemi izinin hukumar gandun tun daga gida, kuma ya kafa shi a inda ma'aikata suka nuna masa a cikin harabar sansanin. Ga mai mata da ƙananan yara, ɗaki ya fi kwanciyar hankali, tantin ya zama na hira da shan shayi.

Abin da ya fi jan mutane shi ne maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki, wadda ke fitowa daga ƙarƙashin wani dutse a gangaren sansanin. Ɗuminta yana tsaye a kan digiri 31 dare da rana, rani da damina, ruwan kuma garau yake har ana ganin yashin ƙasa. Tana zubar da kimanin lita miliyan 21 a kullum zuwa Kogin Gaji. Kusa da bakin dutsen zurfinta ya kusa mita biyu, sai ta riƙa yin ƙasa-ƙasa yayin da ta gangara, don haka yara a can ƙasa ya kamata su tsaya, kuma da babba a kusa. Iyalan da ba sa son cakuɗuwa da baƙin maza sukan sauka bayan sallar Asuba, lokacin da tururi ke tashi a kan ruwan kuma ba kowa sai tsuntsaye. Masu sha'awar tarihi za su iya tambayar jagora ya kai su kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey.

Masu gidan na gaskiya a Wikki gwaggon birai ne, kuma ba su da kunya. Sun san ƙarar leda, sun san kula, suna iya tura ƙofar da ba a kulle ba, kuma sukan fizge abinci daga hannun yaro. A rufe ƙofa da taga ko da fita ta minti biyu ce, a ɗaga gilasan mota, kada a bar yaro ya yi yawo da biskit a hannu, kuma kada a ba su abinci don a ɗauki hoto, domin wannan ɗabi'a ta baƙi ce ta lalata su tun farko. Gadu ma yana kiwo a tsakanin ɗakuna. Ba ya kula kowa idan ba a matsa masa ba, amma haurensa ba na ado ba ne.

A kwarin kogi akwai ƙudan tsando mai cizo da zafi, wanda launin baƙi da shuɗi mai duhu ke jawowa, saboda haka tufafi masu haske da dogon hannu sun fi dacewa da fita kallon dabbobi. A zo da gidan sauro da maganin shafawa. Da dare kada kowa ya taka waje babu tocila da takalmi rufaffe, a kuma kakkaɓe takalmin da safe saboda kunama. Wannan shiyya ta Bauchi da Gombe ƙasar kububuwa ce, macijin da ake wa laƙabi da gobe-da-nisa, shi ya sa ma aka yi asibitin masu saran maciji a Kaltungo. Idan tsautsayi ya faɗa, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau. A hana ƙafar motsi, a sanar da ma'aikata, a nufi asibiti ba tare da ɓata lokaci wajen neman mai magani ba.

Ranar komawa, a bar sansanin bayan karin kumallo, a tafi a hankali har ƙofa. Idan aka ci karo da giwaye a kan titi, a tsaya daga nesa, kada a yi hon, kada kowa ya fito, a jira su wuce, musamman idan akwai 'ya'ya a cikinsu. Mutanen Kano da suka fito da wuri suna iya ratsewa gandun Sumu da ke Ƙaramar Hukumar Ganjuwa, inda aka ajiye raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya, su nuna wa yara waɗannan dabbobi, sannan su kama hanyar Ningi da sauran rana, yadda za su shiga gida kafin duhu.